Firij a Gidan da Babu Lantarki

"Mati, wace gonar ka sai da?!"

Bai kalle ni ba. Idonsa na kan amalanken da ya tsaya a ƙofar gidanmu, farin firij ɗaure da igiya a kai, matan Ƙofar Marusa na ta leƙe ta katanga.

"Ta Batagarawa," ya ce a hankali. "Wadda Baba ya bar mamu."

Na dubi firijin, na dube shi.

Ni Zuwaira, wankin kwalabe nake yi a ma'ajiyar wani kamfanin lemo, daga safe har la'asar hannuna cikin ruwan soda. Shi kuwa Mati dakon siminti yake yi. Shekara biyu muna son juna, talaucinmu bai taɓa ba mu kunya ba.

Sai ga shekarar da ma'aikatan gwamnati suka samu ƙarin albashi. Rediyo ba ta da zance sai na kayan zamani. Masu tallar kamfaninmu suka zo neman fuska, suka ara mini leshi da sarƙa, suka zaunar da ni kusa da firij ina murmushi. Ana ɗaukar hoton suka karɓe kayansu, na koma bakin bahona.

Kalanda ta fito, kowane kanti ga ni nan rataye kamar matar babban sakatare. Kan Goggo Furera, wadda ta riƙe ni, ya kumbura.

"Ɗiyar da duk Katsina ke kallo ba ta tahiya gidan lebura haka nan!" ta ce wa Mati. "Abin da ke cikin hoton, shi za ka kawo."

Na ɗauka zai yi dariya. Ashe maganar ta shige shi har ƙashi.

"Masoyina, ko wayar lantarki ba a jawo layinmu ba," na ce masa ina kuka a gaban amalanken. "Mi za mu yi da shi?"

"Kullum na shiga kanti sai in gan ki kusa da shi, Zuwaira... In dubi kaina, siminti har cikin gashin ido. Na gaji da jin ban kai ba."

"Leshin ma aro ne! Ka sani!"

"Na sani. Amma mutane ba su sani ba."

Kwana uku aka yi. Safara'u, 'yar kawunsa da ta daɗe tana sonsa, ta naɗe kalandar ta kai wa mahaifiyarsa, Inna Delu, haɗe da labarin sai da gonar. Tsohuwar ta tako a ƙasa tun daga Batagarawa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta shafa firijin, ta dubi ɗanta.

"Gerona na bana da na baɗi ke nan?"

Mati ya durƙusa.

"In ka auri wagga yarinya, ban yahe maka nonona ba."

Ya je maida firijin, mai kantin ya ce an fid da shi daga kwali. Wanda ya sayi gonar kuwa har ya sa taki.

Ranar Laraba ya hau motar kaya zuwa Ikko, wai ana neman masu sauke siminti daga jirgi. A tasha ya ce, "Ki yahe mani, rabin raina." Na tsaya ina kallon motar har ta ɓace.

Damina uku ke nan, ko wasiƙa.

Firijin na nan a ɗakin Goggo, daddawa da kuka take ajiyewa a ciki. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta buɗe mata, ta ce, "Na auren Zuwaira ne."