Furen da Aka Bari a Taga

Wanda ya buɗe ƙofar dogon saurayi ne, hannunsa duk baƙin mai, yana riƙe da guntun burodi. Ya dubi dattijon da ke haki a saman matattakala, ya dubi budurwar da ta tallabe shi, sai ya ɓoye burodin a bayansa kamar yaron da aka ritsa a kicin.

"Wash! Allah na gode maka," in ji Baba, yana dafe da ƙirji.

Saurayin ya zaro ido. "Ashe na gida ne! Sannu Baba, ku shigo, ku shigo."

"A'a, nan ma ya isa," Baba ya ce da sauri. "Na taɓa zama a ɗakin nan ni da mai ɗakina, tun ba a haife ka ba. Ƙofar kawai na zo gani."

Saurayin bai matsa ba. Ya fito da kujera da kofin ruwa, ya durƙusa ya gaida Baba. 'Yarsa Auta kuwa ranta a ɓace yake, domin ita ta san yadda ta sha fama kafin ta hawo da tsohon nan hawa na huɗu.

"Malam, wai gida kamar wannan babu lif?"

"Babu, Malama."

"Kai kuma ka iya zama a haka? Wace sana'a kake yi?"

Ya sosa ƙeya. "Gyaran lif."

Dariya ta ƙwace mata. Rabonta da dariya irin wannan tun rasuwar Mama, har ta ji kunyar kanta, ta rufe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya tsaya kallonta, ya manta da burodin da ke bayansa.

Abin da ya kawo su wannan gari na ƙasar waje ba yawon shan iska ba ne. A nan Baba ya yi karatu yana matashi, a nan shi da Mama suka haifi ɗansu na fari, a nan yaron ya rasu cikin wani sanyi mai tsanani, bai kai ga tafiya ba. Suka koma gida, aka haifi maza biyu, sannan Auta. Mama ba ta ƙara ambaton garin ba har ta koma ga Allah. Abin da ta bari a tsakar gida shi ne tukunyar wani fure mai kaurin ganye da jan kai, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Bayan rasuwarta Baba ya ɗauki furen nan kamar jinya, safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa, har saiwar ta ruɓe. Ranar da furen ya mutu Baba ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Washegari ya ce zai je ya ga kabarin ɗansa, Auta ta ɗauki hutu a kantin maganin da take aiki, ta zuba ƙwayoyin hawan jininsa a jaka, ta biyo shi.

Daga ranar da suka hau benen nan, saurayin da Auta ta laƙaba wa Mai Lif ya zama ɗan jagora. Duk ranar da ba shi da aiki sai ya zo masaukinsu, su shiga gari su uku. Suka hau jirgin ƙasan da ke ratsa unguwanni, suka tsaya a tsohuwar gada Baba yana nuna inda Mama ta taɓa sakin takalmi ɗaya a ruwa. Gidan burodin da suke saye a da ya koma shagon waya, ɗakin karatun kuma yana nan da warin tsofaffin takardunsa. Mai Lif ne ya bi ofis-ofis har aka gano musu ƙaramin kabarin, ya ja da baya ya bar uba da 'yarsa suna addu'a.

Abu ɗaya ne ke tayar wa Auta tsigar jiki. Duk inda suke tafiya, Baba yakan bar fili a hagunsa, daidai tsayuwar mutum ɗaya. In za su tsallaka titi sai ya ɗan miƙa hannu can, kamar mai tare wani kada mota ta buge shi. Mai Lif ya lura, kuma bai taɓa taka wurin nan ba. Wannan ne ya fara sace zuciyarta, tun kafin ya fara turo mata saƙonni a waya.

"Baƙuwata, Baba ya sha maganinsa? Ke fa, kin ci abinci ko kin tsaya yi wa matattakalar mutane faɗa?"

"Ya sha. Ni kuma ba baƙuwarka ba ce, ko ɗakinka ban shiga ba."

"Shi ya sa har yanzu kike baƙuwa. Ni so nake ki zama mai ɗakin."

Ta karanta ta kife wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Ta ce wa kanta shirme ne, amma da murmushi ta faɗa.

Wata yamma a kan gadar nan Mai Lif ya cire hularsa yana murzawa, ya ce, "Baba, in ka ba ni izini, ina so in turo magabatana idan kun koma gida."

Baba ya dubi ruwa. "Ba ni da abin faɗa a kan halinka, ɗana. Amma a nan za ka ajiye ta?"

"Aikina a nan yake, Baba."

"A ɗakin nan?"

"Kafin Allah ya hore wani."

"To, a'a."

A masauki Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ba ta tambaya ba, shi ya fara.

"Na kawo mamanku garin nan tana dariyar da ake jiyowa daga ƙasan bene. In na dawo daga makaranta tana tsaye a tagar nan, tana ɗago min hannu tun daga kan kwana. Da yaron ya rasu, tsayuwar kawai ta rage, hannun bai ƙara ɗagawa ba. Garin nan ya cinye min mata, Auta. Ba zan bar ki a bayan wannan tagar ba."

Ta so ta ce ita ba Mama ba ce, amma ta dubi fuskarsa, sai ta haɗiye. Tana son Mai Lif, wannan ba ta musu, amma ba za ta taka zuciyar tsohon nan ta shiga ɗakin aure ba.

Ana cikin haka aka tura Mai Lif aiki wani gari. "Kada ki yanke min hukunci kafin in dawo, Baƙuwata," ya rubuto. "Zuciyata ta maƙale tsakanin hawa biyu, kuma ni mai gyaran na rasa yadda zan yi da ita."

Bayan tafiyarsa, wata la'asar mai hadari, ƙafar Baba ta ja su zuwa layin gidan. Ya ɗaga kai, sai ya damƙi hannun Auta har ta ji zafi. A tagar hawa na huɗu mace ce tsaye, ta sunkuyar da kai, ba ta motsi.

"Ga mamanku can," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Gaban Auta ya faɗi, amma nata faɗuwar daban ce. Ita ba fatalwa ta gani ba, mace ta gani da jini a jika, da mayafi ruwan toka, a ɗakin mutumin da ya rantse mata shi kaɗai yake zaune. Kafin su sake kallo an saki labule.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ta yi kunnen uwar shegu da su. Da ya dame ta sai ta rubuta, "Ka gaida matar gidan. Tana kyau a taga."

"Wace mata? Wallahi yayata ce, na bar mata makulli."

"Kowa ma yayarsa ce in an kama shi."

Ta kashe wayar ta yi kuka mai isarta. Baba kuwa ya daina cin abinci. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ko motsin labule ya ji sai ya waiwaya. Da ta ga yana neman zubewa ta ce su koma gida kawai, ya girgiza kai.

"Sai na hau na ga ko wace ce."

Haka suka sake hawa benen nan, yana hutawa a kowane hawa. Wadda ta buɗe ƙofar doguwa ce mai fara'a, hancinta da na Mai Lif kamar an tsaga kara, tana riƙe da buta. Auta ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa.

"Lale, Baba! Ke ce baƙuwar da ta hana ƙanena barci? Ya kira ni yana ta rantse-rantse, wai na kashe masa aure. Ni da 'ya'yana uku! Ku shigo don Allah. Furen nan na zo dubawa, in ya mutu a hannuna ai na shiga uku."

Wannan karon Baba ya shiga. Ɗaki ne ƙarami, gado ɗaya, teburi cike da sukurori, tabarmar salla a naɗe a kusurwa. A dakalin taga kuwa, inda ba a hangowa daga titi, ga tukunyar fure mai kaurin ganye da jan kai.

"Furen Mama," Auta ta ce, ba ta san ta faɗa ba.

"Ai shi da makullin ɗakin tare ake bayar da su," in ji Yaya. "Ɗakin nan 'yan gida ne ke gadonsa, wannan ya tashi ya miƙa wa wancan. Kowa kuma da abin da ake gaya masa. Wai matar wani ɗalibi ce ta dasa. Da za su koma gida ta karya reshe ɗaya ta tafi da shi, ta ce wa wanda ya gaje su ɗakin nan ya yi mata alheri, a ciki ta haifi ɗanta, a ciki ta ji dariyarsa, don Allah kada a bari furen ya mutu. In ya tsufa sai a karya reshe a sake dasawa."

Baba ya zauna a bakin gadon ba tare da an ce ya zauna ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Ba ta taɓa gaya min ba. Ni abin da na riƙe a ɗakin nan, ranar da aka fita da yaron ne. Ita ashe dariyarsa ta riƙe." Ya shafa ganyen da yatsa ɗaya. "Sau nawa kuke ba shi ruwa, 'yata?"

"Sai ƙasar ta bushe, Baba. Ba ya son a matsa masa."

Baba ya juyo ya dubi Auta, ya daɗe yana kallonta, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Sai ga ƙarar takalmi a matattakala. Mai Lif ya faɗo ɗakin da jakar aiki a kafaɗa, daga tasha yake, yana haki kamar zai shiɗe. Ya zube gaban Baba.

"Ka gani ko?" in ji Baba, yana share ido. "Kai ma ka ji abin da muke ji. Ka turo magabatan naka. Amma ka nema wa gidan nan lif, don zan riƙa zuwa."

Yaya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Auta ta ɓoye fuska a bayan Baba, wayarta ta yi ƙara a jaka. Mutumin yana durƙushe a gabanta amma saƙo ya turo: "Kin shiga ɗakin. Yanzu me zan kira ki?"

Suna saukowa Baba ya tsaya a hawa na biyu, ya ce a hankali, "Yarinyar nan mayafinta ruwan toka ne ko?"

"E, Baba."

"Wadda na gani shuɗi ne nata."

A gida aka ɗaura auren, yayyenta maza suna ta tsokanar ango wai ya zo ya gyara musu tsani. Baba da kansa ya rako amarya har ɗakinta, ya sake hawa benen nan yana wash-wash, don lif dai har yau ana kan magana. Ranar da zai koma, Auta ta karya reshe ɗaya ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ta sa masa a aljihu.

"Sai ƙasar ta bushe, Baba."

"Na ji, uwar iyayi."

Ya dafa kanta, ya dafa na mijinta. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ɗakin nan ya yi miki alheri kamar yadda ya yi mata, ya ba ku masu dariya a cikinsa, ya raya muku su."

Angon ya sauka da jakar Baba. Auta ta ja labule ta tsaya a taga. Da Baba ya kai kan kwana ya waiwayo, ta ɗaga hannu tana kaɗawa da ƙarfi, hawaye na zuba, tana dariya. Ya ɗago mata nasa. Sannan ya sake ɗagawa a karo na biyu, a hankali, yana kallon gefenta kaɗan, wajen tukunyar furen.

Tsigar jikinta ta tashi, amma ba ta ji tsoro ba. Ta ɗan matsa gefe ta ba da wuri.