Shuɗiyar Titan Mai Fukafukai

"Ina 'yata, Faruk? Ina Batul?!"

Ko sallama Zahida ba ta yi ba ta faɗo shagon ɗinkinsa, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a hannu. Faruk, wanda za a ɗaura aurensa da ita ranar Juma'a, ya miƙe da almakashi a hannu.

"Ba ta dawo daga lekwal ba?"

"Ta dawo! Ta ajiye jakar makaranta, ta ce wa maƙwabciyarmu za ta hau shuɗiyar mota ta je wurin Babanta. Wace mota ce wannan?"

Almakashin ya suɓuce masa.

Kullum da yamma Batul takan zauna kusa da kekensa, yana ɗinki yana ƙirƙira mata labari. Na wannan makon na wata titan ce, irin manyan motocin kayan nan da ke cika tashar Zongo, shuɗiya, mai fukafukai a ɓoye ƙarƙashin tampol. Duk yaron da ya hau, sai ta tashi sama ta kai shi wurin wanda yake kewa.

"Tatsuniya ce fa, sheri..."

"Kar ka ce min sheri! Yarinyar da mahaifinta ya fita da titan, gawarsa aka dawo mana da ita daga hanyar Cinkassé, ka rasa abin da za ka ƙirƙira mata sai titan?"

Ya fizgo babur ɗinsa, ta haye baya.

A tasha suka riƙa bin motoci ɗaya bayan ɗaya, Zahida tana ƙwala kira har muryarta ta dushe. Wani dattijon direba da ke alwala ya ɗago.

"Shuɗiya? Ta Abdoul ce, shinkafa ya loda. Yanzun nan ya ɗau hanyar arewa."

"Baba, don Allah kira shi!"

Ya kira. Wayar tana shiga, ba a ɗauka.

Faruk ya murɗa babur. Suna kutsawa tsakanin 'yan zemijan masu haya da babur, iska na dukan fuskarta, Zahida ba ta ganin komai sai 'yarta a ƙarƙashin tampol cikin wannan zafi, da buhuna masu iya zamewa. Tana son mutumin nan, Allah ya sani. Shi ya dawo da dariya gidansu. Amma ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, "Wallahi idan wani abu ya same ta, babu ni babu kai."

"Na yarda," ya ce.

A gadar Togblékopé cunkoso ya tsayar da motar. Faruk ya jefar da babur, ya dinga dukan ƙofar direba.

"Patron, tsaya! Akwai yarinya a bayanka!"

"Kai, lafiyarka kuwa?"

"Buɗe tampol, don girman Allah!"

Aka kwance igiya. Can tsakanin buhuna, ga Batul a takure, ta jiƙe sharkaf da gumi, leɓunanta sun bushe.

"Mama, ki bari... ba ta tashi ba tukuna."

Zahida ta rungume ta. Mari ta yi niyya, hannun ya ƙi ɗaguwa.

"Me za ki je yi, Batul? Me?!"

"Zan tambayi Baba ne... ko ya yarda in riƙa ce wa Tonton Faruk Baba."

Direban ya kau da kai. Zahida ta share fuska, ta dubi Faruk.

"Kai ka fara labarin nan. Ka ƙarasa mata shi yanzu, da gaskiya."

Ya durƙusa a gefen kwalta, motoci na ta hon.

"Batul, 'yar albarka... babu motar da ke zuwa inda Babanki yake. Ni na ƙirƙira, ki yafe min. Addu'arki ce kaɗai ke isa can."

"Ko mai fukafukai?"

"Ko ita."

Yarinyar ta fashe da irin kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Hannu ɗaya a wuyan uwarta, ɗayan ya damƙe rigar Faruk, ta ƙi saki.

Zahida ta daɗe tana kallon wannan ɗan hannun.

"Ɗauke ta," ta ce a hankali. "Kuma daga yau, duk tatsuniyar da za ka yi mata a gidanmu, ni zan fara ji."

"A gidanmu?"

"Ka ji ni ai. Tayar da babur."