Shirun Saje Ɗanjuma

Hannatu na tankaɗen gari a gidansu na unguwar Nasarawa kawunnanta suka dawo daga binciken asalin saurayinta Shekari, ma'aikacin wata masana'anta a Kudenda. Yaro ba shi da aibu, in ji su. Maraya ne, ubansa Tagwai direban soja ya ɓace a yaƙin basasa.

Babanta, Saje Ɗanjuma, ya ajiye rediyon da yake gyarawa. "Tagwai direba? Ba za a yi auren nan ba!"

"Baba, me ya yi?"

"Na gama magana!"

Ta sha kuka kwana biyu. Amma Hannatu uwar son jin ƙwaƙwaf ce, sai ta tare a shagonsa na gyaran rediyo, tana miƙa masa sukundireba tana jefa tambaya.

"Baba, wai me kuke yi a sashen sigina na soja lokacin yaƙi? Mama ta ce ko harbi ba ka taɓa yi ba."

Sai a mako na uku ya buɗe baki. "Saƙonnin abokan gaba nake saurare, lambobi ne zalla, ni ke warware su. Ran nan na warware wani: za su yi wa motocinmu kwanton ɓauna a wata gada. Na ruga wurin oga. Ya ce in muka juya motocin za su gane muna karanta sirrinsu, su canza lambobin, gobe mu rasa bataliya guda. Na yi shiru. Ina kallo Tagwai ya tayar da mota, har ya ɗaga mini hannu. Bai dawo ba."

"To, an ceci bataliyar?"

"Haka aka ce. Shekara goma sha shida ina tambayar kaina. Da wane ido zan amsa gaisuwar ɗansa?"

"Baba — yanzu ma shirun za ka sake yi wa iyalinsa?"

Ranar Lahadi bayan coci Saje ya je wurin Edith, mahaifiyar Shekari, ya faɗa mata komai. Ta kore shi da kuka. Wata biyu ba labari, Hannatu ta rame, abin tausayi, amma ba ta ɗaga wa kowa murya ba.

Rannan sai ga Edith da sallama.

"Saje, ban ce ka yi daidai ba. Amma takarda kawai aka aiko mini wai ya ɓace, na tsufa ina jiran sa. Kai kaɗai ka gaya mini ranar da ya rasu da inda ya rasu. Jiya muka yi masa addu'ar mamaci." Ta share ido. "Yaushe za mu kawo kayan aure?"

Haƙurin Hannatu ya biya ta. Yaƙi na iya tilasta wa mutum shiru, amma wanda aka yi wa rashi yana da haƙƙin jin gaskiya.