Wanda Ya Karɓi Dogo a Masaƙa

Da la'asar sakaliya Baba Masaƙi ya isa ƙofar tsohuwar masaƙa, alli a aljihu, ciwo a gwiwa. Ɗan gwangwan ne ya aiko shi ya yi alama a injinan da ƙarfensu ke da sauran mora, tunda shekara ashirin da biyu ya yi a ciki kafin a rufe. 'Yarsa mai ɗinki ta rako shi, ta zauna a bakin ƙofa da jakarta.

"Baba, ban da tsayawa gaisawa da ɓeraye."

"Ai su kaɗai suka rage da suka san ni," in ji shi.

Ciki sai ƙarnin tsatsa da warin kashin jemage. Kwanon rufi duk ya huje. Tun bai fara ba ya gaji. Wurin nan ya cinye masa ƙuruciya da rabin ji, aka sallame su da takarda ɗaya manne a ƙofa.

A layi na huɗu ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalminsa. Ya ji warin man inji, sabo. Sai ƙarar da ya sani ta cika ɗakin.

Mutane ne tsaye, kowa gaban injinsa, auduga a gashi. Ba mai ɗaga kai. Ga Dogo, wanda Baba ke karɓar aiki a hannunsa kullum da yamma, wanda aka binne shekara tara da suka wuce. Ko shi ne, ko wani abu ne ya ari fuskarsa, Allah kaɗai ya sani. Ƙafafunsa sun kumbura suntum.

A masaƙa ba a jin magana saboda ƙara, don haka ba ka barin inji sai mai karɓarka ya dafa maka kafaɗa. Baba bai yi shawara ba. Hannunsa ne ya riga shi, ya dafa kafaɗar Dogo.

Dogo ya juyo, leɓɓansa suka motsa.

"Ka daɗe."

Ya ja ƙafa ya wuce, bai waiwayo ba.

Zare ya tsinke, Baba ya ƙulla. Wani ya tsinke, ya ƙulla. Ya so ya matsa, ƙafafunsa suka ƙi.

Sai ya hango 'yarsa tana tahowa tsakanin injina. Ba ta ganin kowa, sai ubanta yana ƙulla iska. A gida kuwa, saboda kunnensa, dafa shi ake yi kafin a yi masa magana.

Ta miƙo hannu.

Duk layin suka ɗago kai suna kallonta.

Maganar gaskiya, ya so. Taɓi ɗaya, ta karɓe shi, ya samu ya zauna.

"Kada ki taɓa ni!"

"Baba?"

"Almakashi. Jefo, kada ki miƙo."

Duk wanda ya yanke zaren tsaye, wanda ke riƙe da saƙar gaba ɗaya, da gangan, nan take ake korarsa. Baba bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ta jefo, ya datse zaren daga wannan gefe zuwa wancan, yana hawaye.

Ƙarar ta ɗauke ɗif. Wani abu mai sanyi ya hankaɗe shi a ƙirji, ya faɗi cikin ƙura. Da rarrafe ya kai ƙofa, 'yarsa na gabansa tana salati.

Kwana goma ya yi a kwance. Ɗan gwangwan ya ji labari ya fasa saye, masaƙa tana nan yadda take. Sai matan ma'aikatan masaƙar da suka rasu suka fara zuwa dubiya, ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta jira kowa ya fita, ta matso kusa da kunnensa mai ji.

"Don Allah, ka ga nawa a ciki?"

"Ban gan shi ba, Yaya. Yana hutawa."

Ta yi hamdala ta tafi. Baba ya juya fuska wajen bango. A layi na biyar mijinta yake, inji na uku, kuma wanda ke karɓarsa ya riga shi rasuwa.