Jifan da Iya Asibi Ta Yi

A zamanin Turawa, a wata unguwa ta bayan kasuwar Kontagora, an yi wata yarinya mai kaifin baki. Babanta Baƙo maharbi ne. Yana da kare, amma yarinyar ce ke ji da shi. Ita ke ba shi tuwo. Ita ke zuba masa ruwa a wani fasasshen kasko a bayan rumbu. Kullum sai ta ƙara a kan na jiya, ba ta taɓa zubarwa ba.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ana ce mata Iya Asibi. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Shekararta arba'in a unguwar.

Wata rana karen ya sa baki a daddawar da ta shanya. Iya Asibi ta ɗauki hoge ta jefe shi ta kan danga. Kare ya ruga gida yana kuka. Tun daga ranar yarinya ta ƙullaci tsohuwar.

Bayan damina, wani ƙullutu ya fito wa ƙaninta Sati a hannu. Girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, ga ƙaiƙayi. An shafa man kaɗanya, an jiƙa saiwa, bai ko motsa ba.

Matan unguwa suka taru suna dubawa. Ɗaya ta ce, "Anya wannan ba jifa ba ne?" Tana nufin asirin da ake cewa mugu na turo wa mutum a jiki daga nesa.

Inna, mahaifiyarsu, ta juya wajen yarinya. "Ke da kike wuni a gida, kin ga wani abu?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Ni dai na ga Iya Asibi tana jifa ta kan dangarmu."

Ku ji fa. Ta san sarai jifan hoge ta gani. Ta kuma san jifan da matan nan za su ɗauka. Amma ta ja bakinta ta yi gum, wai ita ba ta yi ƙarya ba.

Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Aka daina sayen daddawar Iya Asibi. Aka daina gaishe ta. Yaran da ta goya da bayanta su ne ke bin ta suna cewa mayya. Abin takaici, duk cikin manyan nan babu wanda ya ce a tsaya a tambaye ta. Mai unguwa ya ce ta tattara kayanta ta bar unguwar kafin Juma'a. Ina tsohuwa za ta je, fisabilillahi?

Yarinya ta kasa sakewa. In ta ji tarin tsohuwar ta bayan danga, sai ta ture kwanon tuwonta.

Ran Alhamis Baƙo ya dawo daga daji. Ya duba hannun Sati, ya ce, "Gobe da safe za mu ɗakin shan magani na hukumar En'e. A gani da ido tukuna."

Suka tafi su huɗu: Baƙo da Inna da Sati da yarinya. Malam Yisa, mai ba da magani, ya wanke wurin, ya ɗan tsaga. Sai ga wata farar tsutsa, siririya kamar zare. Sati ya yi kuka kaɗan, aka ɗaure masa hannu.

"Kuna da kare a gida?" in ji Malam Yisa.

"Muna da shi," in ji Baƙo.

"To, tsutsar jikin kare ce. Sauro ke cizon kare, ya kwaso 'ya'yanta a cikin jini. In ya ciji mutum, sai ya bar masa."

Inna ta ce, "Malam, ba jifa ba ne?"

"Babu wanda ya jefi ɗanki, Inna. Ku dai duba inda ruwa ke kwanciya a gidanku. A nan sauro ke haihuwa."

Yarinya ta tuna kaskonta, da 'yan abubuwan da ke wutsil-wutsil a ciki. Sai ta fashe da kuka.

"Baba, hoge ne. Hoge Iya ta jefi kare da shi. Haushi na ji, shi ya sa na faɗa haka."

Ran Baƙo ya ɓaci ƙwarai. "Kina kallo ana korar tsohuwa, kika yi shiru? A gaban jama'a kika ɓata ta. A gaban jama'a za ki gyara."

Suka dawo da sauri. Suka tarar da Iya Asibi a ƙofar gidanta, da ƙunshin kaya a ka. Mai unguwa na tsaye, mutane na leƙe.

Yarinya ta durƙusa. Ta faɗi komai. Inna ta nuna tsutsar a cikin 'yar kwalbar da Malam Yisa ya ba su. Masu zagin jiya duk suka kama kallon ƙasa. Mai unguwa ma sai gyaran murya yake yi.

Iya Asibi ta daɗe tana kallon yarinyar. "'Yar nan, ranar da aka haife ki ni na dafa ruwan wankanki. Kwana shida ba wanda ya ce mini sannu."

"Ki yafe mini, Iya."

Yarinya har ta cire rai. Can tsohuwa ta ce, "To, tashi ki sauke mini kayan nan. Wuyana ya gaji."

Yarinya ta sauke, ta kai su ɗaki da kanta. Hannun Sati ya warke cikin mako biyu. Daga nan kullum sai yarinya ta sauya ruwan kare, kullum kuma sai ta shiga gaida Iya.

Yara, ruwan da ya kwanta yana tara sauro, sauro kuma yana kawo cuta. In ba ku da lafiya, ku je asibiti, kada ku zargi kowa. Kuma in ka faɗi magana don a ɗauke ta ba daidai ba, ƙarya ka yi.