Raɗar da Ta Hau Kaset

Ke mai karatu, sau nawa kika wuce tsohuwa tana waƙar daka kika kau da kai? Kai ma haka. Mu 'yan bokon Garwa mun haddace waƙoƙin Kinshasa, amma na kakanninmu ana binne su tare da masu su, ko a jikinmu. Rabi'atu ce ta ƙi kau da kai, ku ji abin da ya same ta.

Tana durƙushe gaban mahaifinta, Malam Sulaimanu. A gefe ga Abakar, ɗan wan Malam, rungume da rediyo mai cin kaset.

"Baffa, sake saurara da kyau," in ji Abakar, ya murɗa sautin har ƙarshe.

Muryarta ce ta fito, tana rera waƙar reno ta kakarta Inna Halime. Daidai inda ta tsaya jan numfashi, sai wata siririyar muryar namiji ta ratso.

"Madalla, hasken idona... muryar nan taki za ta kashe ni."

Rabi'atu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sharaɗi ɗaya Malam ya gindaya mata ranar da ya yarda ta ɗauki waƙoƙin mahaifiyarsa a kaset: kada ta keɓe da namiji a ɗaki. Ba ta kuwa saɓa ba. Ɗakin ɗaukar yana bayan shagon faifai na Norbert a kasuwa, gilashi ya raba shi biyu. Ita tana ciki gaban makirfo, Mas'udu mai sarrafa na'ura yana waje. Abin da ya haɗa su kawai kaske ne, abin sauraron nan mai marfi biyu da ake ɗorawa a kunne. Ta cikinsa take jin garaya, ta cikinsa yake ce mata fara ko dakata. Ta cikinsa kuma so ya biyo waya ya iske ta.

"Baba, wallahi yana bayan gilashi..."

"Gilashi ne ya yi miki raɗa a kunne?"

Malam ya ce daga yau ba ita ba ɗakin nan, kada kuma ya sake jin sunan yaron. Abakar, wanda ta ƙi tayinsa bara, ya fita yana gyara hula. Shi ne Norbert ya ba kaset ɗin ya buga kwafi, ya zauna ya yi ta kasa kunne har ya samo abin da yake nema.

Ta koma ɗaki ta tarar da Inna Halime kwance tana tari. Rabin waƙoƙin suna nan a ƙirjin tsohuwar ba a ɗauka ba, ƙirjin kuwa kullum ƙara rauni yake.

Léontine, matar Norbert, ita ta kawo mata labari. Ashe kasken ne ya ci amanarsu. Bayansa huje-huje ne, soson bakinsa sakwa-sakwa, duk abin da ya shiga kunne sai ya tsiyayo makirfo ya kwashe. Mas'udu ya san akwai mai nauyi, ya zaɓi wannan mara nauyi don kada ya ɓata mata ɗaurin ɗankwali.

Rabi'atu ta yi dariya tana kuka.

Léontine ta ce Mas'udu ya tafi Marwa. Ya sami wani kaske mai rufaffen baya, bakinsa ya zagwanye, ya kai wa dukawa su ɗinka masa sabon baki da fatar akuya mai laushi, a cusa auduga.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta ji sallamar Mas'udu a zaure. Ta laɓe bayan asabari. Ya zo da kawunsa, da na'ura, da kaske biyu. Abakar ma yana nan.

Mas'udu ya nemi izini ya ɗora wa Malam tsohon mai yoyon a ka, ya kunna garaya, ya tambayi Abakar da ke can bakin ƙofa ko yana jin wani abu.

"Ko ƙuda ban ji ba," in ji Abakar.

Malam ya dube shi daga sama har ƙasa. "To ƙafarka wa take wa rawa?"

Abakar ya riƙe gwiwarsa, ya makara.

Aka sauya da sabon. Fatar ta manne wa kunne ruf, zauren ya yi tsit, alhali Malam na cewa a rage, zai kurmance.

Malam ya cire ya daɗe yana jujjuya shi.

"Na yarda kana bayan gilashi. Amma yaro, watau ka je har Marwa ka toshe ɓaraka don ka riƙa yi wa 'yata raɗa ba mai ji?"

Mas'udu ya gyara durƙuso.

"Allah gafarta Malam, na toshe ne don muryarta ta fita tsab, waƙar Inna kada a gauraya ta da shirmena. Maganata kuwa ta gama da waya. Ga kawuna, a gabanka na zo in faɗe ta. Ina son Rabi'atu da aure."

Malam ya juya wajen asabari.

"Ke ta bayan asabari, tun ɗazu nake ganin yatsun ƙafarki. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"To ni ban ji taki ba."

Ta rufe fuska da gyale. "Ina sonsa, Baba."

Malam ya ce sai a kawo na'urar gida gobe, tsohuwa ba ta iya zuwa kasuwa. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Inna Halime ta rera sauran waƙoƙinta da bakinta, tana mitar kasken ya matse mata kunne. Rabi'atu kuwa ta koma ɗaura ɗankwali a saman kaske, angonta na kallo ta gilashi, bakinsa gum har sai ya kashe na'ura.

Inna ta rasu da damina. Muryarta na nan.

Taki kakar fa? Ajiye takardar nan, ki ari na'ura, ki zaɓi kaske mai rufaffen baya da ba ya yoyo, ki je ki zauna gabanta yau.