Kankanar da Ta Mirgina

Ba ƙarar bindigar ce ta tsaya wa Ƙulu mai ƙosai a rai ba. Wannan kam mutanen layin sun saba da ita. Duk Asabar bayan magariba sai an ji ta sau ɗaya ko biyu daga bayan gidan Malam Ubale, can ƙarshen unguwar PK8 inda gidaje suka fara tsinkewa. Abin da ta ji bayan ƙarar shi ne shara. Ana jan tsintsiya a ƙasa cikin duhu, a hankali, mai sharar tana kuka ƙasa-ƙasa.

Haka ta shaida wa Sufeto Saliou da safe. Shi haifaffen unguwar Lalala ne, ubansa ɗan kasuwa daga Damagaram. Faransanci yake yi a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, Hausa a gida, don haka duk abin da ya faru a gidan Bahaushe shi ake turawa.

Mamacin sunansa Abdulrauf, ɗa tilo ga Malam Ubale, mai ɗaukar bidiyon biki da suna. Harsashi ɗaya ya same shi a ƙirji, an kuma tafi da gawar tun dare.

Sufeto ya daɗe tsaye a bayan gidan. Ga manyan fitilu biyu a kan sanduna, ga baƙin ƙyalle an rataye a katanga. Gaban ƙyallen akwai kujera 'yar tsugunno, da fasasshiyar kankana wadda ƙudaje suka rufe. Daga gefe wata kamara mai nauyi tana tsaye kan ƙafa uku. Kusa da ƙofar gida kuma tebur ne, an fafe bakinsa da wuƙa, gurbin har ya yi santsi. Ƙasa kuwa an share ta tas.

Lailatu, matar mamacin, ta ce ɓarawo ne ya hauro katangar baya don ya sace kamarar, maigidanta ya tare shi, ya harbe shi ya gudu.

"To ai ga kamarar nan, Madam."

Ta dubi ƙasa.

"Sharar fa?"

Ta ce ba ta cikin hankalinta a lokacin.

Tsohon, Malam Ubale, yana kan tabarma a baranda. Ya ce shi yana ɗaki da carbinsa, ƙara kawai ya ji. Da Sufeto ya miƙa masa hannu, sai hannun tsohon ya wuce ta gefe, sai a karo na biyu ya kama. Sufeto ya ɗauka raɗaɗin mutuwa ne.

Daga nan ya ɗauki kamarar ya nufi Lalala, shagon Aziz, abokin aikin mamacin. Aziz ya rantse shi biki kawai ya sani, bai san wata bindiga ba. Sufeto ya ciro waya ya buɗe shafinsu na intanet. Ga kwalba tana tarwatsewa a hankali kamar ba ta so, ga kwakwa tana buɗewa ruwanta ya tsaya a iska, ga ƙwai shida a jere harsashi yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin kowane hoto da sunan Aziz a matsayin mai tacewa.

Nan Aziz ya sauko. Ya ce bindigar farauta ce marar takarda, shi ya sa ya ji tsoro, amma shi bai taɓa zuwa wurin harbin ba, katin kamara kawai ake kawo masa. Ya yi bayani cewa kamarar tana ɗaukar hoto dubbai cikin ƙiftawar ido, kuma ba hannu ke tashinta ba. Ƙarar bindiga ce ke tashinta, ta adana abin da ta gani da kanta.

"Ko jiya ma?"

Aziz ya zare katin ya sa a kwamfuta.

Harsashin ya shigo ta hagu, wato ta ɓangaren gida, ba ta katangar baya ba. Ɗan ƙarami ne, yana juyi, yana walƙiya cikin hasken fitilu kamar ɗan kifi a ruwa mai kwanciya. Iska ma ana ganinta tana lanƙwashewa a gabansa. Babu abin da ke motsi a duniyar nan sai shi. Kankanar ta karkace za ta faɗo daga kujera, wani mutum ya durƙusa a bayanta ya tallabe ta da hannu biyu. Abdulrauf ne. Fuskarsa tana saman hoton, yana kallon inda harsashin ya fito, yana murmushi.

Daƙiƙa arba'in harsashin ya yi yana tafiya a allon. Sufeto Saliou, mai shekara goma sha tara a aiki, ya tsinci bakinsa yana cewa, "Matsa mana. Matsa." Harsashin ya taɓa ɓawon, ɓawon ya lotsa, sannan ja ya buɗe kamar fure, 'ya'yan kankana suka tashi suna shawagi a gaban fuskar da har yanzu ba ta san komai ba. Aziz ya kifa kansa a tebur.

A taksi, kan hanyar komawa PK8, Sufeto ya yi ta tuna fuskar nan. Ya san dai ba a yi wa ɓarawo irin wannan murmushin.

Ya tarar maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya shige ciki, ya ce wa Lailatu ya ga hoton. Ba ta yi musu ba. Ta shiga kicin ta jawo bindigar daga bayan buhun shinkafa.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na harba."

Ya karɓa, ya tabbata babu komai a ciki, ya mayar mata ya ce ta buɗe ta. Ta juya ta nan, ta juya ta can. Ba ta ma san inda ake kamawa ba.

"Ƙyale ta, ɗana." Malam Ubale ne a bakin ƙofa, ya dafa bango. "'Yar nan, ajiye. Kin yi iyakar yinki, Allah ya saka miki."

Tsohon ya zauna, ya ce ya ji ana cewa akwai hoto, a ba shi. Sufeto ya sa masa wayar a hannu. Tsohon ya kai ta har kan hancinsa, ya daɗe a haka, sannan ya miƙo ta.

Ya ce shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, babu wanda ya gaya wa. Shi maharbi ne tun yana saurayi a ƙasar Ningi. Bayan rasuwar uwar yaron ya rufe shago, ya zauna, ko magana ya daina. Yaron ne ya sayo wannan kamara, ya ce duniya tana son ganin harbin Baba. Tun daga nan Asabar ta zame masa ranar da yake jira. Yaron ya so a ɗaure bindigar da ƙarfe a tebur, shi ya ce bindiga ba rago ba ce da za a ɗaure. Ya san in aka gane ba ya gani, Asabar ɗin ta ƙare. Sai ya fafe teburin a ɓoye inda bakin bindiga zai zauna, yana kallon farin haske, ya harbi baƙin abin da ke tsakiya.

"Jiya ya ba ni izini, ya koma gefe. Ina saiti sai na ga baƙin ya ƙara girma. Har daɗi na ji, Sufeto. Na ce yau idona ya washe."

Lailatu ta toshe baki da mayafi.

"Faɗa mini abin da ke ciki. Ya ji tsoro?"

Tsohon ya juyo da fuska yana jira.

"Bai ji ba, Baba. Kankanar ce ta mirgina, ya tare maka ita. Kai yake kallo, yana murmushi."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa. Can ya laluba ya sa hularsa, ya miƙo hannuwa biyu a haɗe. Sufeto bai taɓa ankwar da ke ƙugunsa ba. Ya kama hannu ɗaya ya ɗora a kafaɗarsa, ya ce akwai tudu a bakin ƙofa. Karo na farko ke nan da Malam Ubale ya yarda wani ya ja shi.

Suka ratsa tsakanin tabarmi, mutane suna janye ƙafafu. Sai da aka rufe ƙofar taksin da ke jira sannan wani dattijo mai shagon kusa, wanda ya zo da butarsa da niyyar wuni, ya dubi wurin da aka tanadar wa uban mamaci.

"To yanzu wa zai zauna ya karɓi gaisuwar?"